Gurbin da Aka Bar wa Mai Zane

Bari mu soma da ɗan labari.

An kama wani mutum a yaƙi, aka tafi da shi. Aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, har magana ta iso wa matarsa cewa ya mutu. Ta yi wani auren. Ana nan ana nan, sai ga mutumin ya dawo da ransa da lafiyarsa, ya ce a ba shi matarsa. Ita kuwa zuciyarta ta riga ta kwanta da mijin na biyu, ta ce ba inda za ta.

Iyakar labarin ke nan. Ba a faɗi sunan kowa ba, ba a faɗi garinsu ba. Wanda ya tsara shi malamin doka ne mai suna Gratian, wanda ya koyar wajen shekarar 1140 a Bolonya, birnin nan na arewacin Italiya da Turawa ke rubutawa Bologna. Ya shirya irin waɗannan gajerun labarai guda 36 don koyar da dokokin cocin Katolika, na mijin da ya dawo shi ne na 34. To yanzu a ce an miƙo mana shafin da labarin yake, an bar mana fili a samansa wanda bai fi tafin hannu ba, an ce mu cika shi da hoto ɗaya tak. Wane lokaci za mu zana? Ranar da aka ɗaure shi aka tafi da shi? Ranar aure na biyu, amarya ba ta san tana da miji a raye ba? Sa'ar da ya tsaya a ƙofar gidansa ya tarar da wani a ciki? Ko ranar da su ukun suka gurfana gaban bishop? Duk wanda muka ɗauka, mun riga mun nuna wa mai kallo wanda zai tausaya wa tun bai karanta layi guda na hukuncin ba. Da wannan matsala masu zanen littattafai a Turai suka yi ta fama sama da shekara 200, ita kuma za mu bi yau.

Kafin Gratian, dokokin coci a warwatse suke. Akwai hukunce-hukuncen manyan tarukan bishop-bishop, akwai wasiƙun waɗanda suka hau kujerar Fafaroma, akwai maganganun malaman Kirista na farko irin su Augustine da Jerome, kuma sau da yawa wannan yana karo da wancan. Gratian ya tattaro nassi kusan 4,000 ya yi ƙoƙarin sulhunta su. Cikakken sunan littafin a harshen Latin ma abin da yake nufi ke nan, daidaita dokokin da suka saɓa wa juna, amma ɗalibai suka gajarta shi suna cewa Decretum. Babu Fafaroman da ya ayyana shi dokar hukuma. Makarantu ne suka rungume shi, daga nan ya shiga kotunan coci.

Kashi na biyu na littafin shi ne namu. A nan yake kawo labari, ya ciro tambayoyi daga cikinsa, ya jera nassoshin da suka goyi bayan wannan ɓangare da na wancan, sannan ya faɗi yadda za a warware. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin fiƙihu ya ji ana cewa "a ƙaddara wani mutum ya yi kaza" zai gane salon, don haka za mu riƙa kiran kowane labari mas'ala. A mas'ala ta 34, alal misali, ya jingina da wasiƙar da Fafaroma Leo na Farko ya rubuta wa bishop na Aquileia a shekarar 458, 'yan shekaru bayan mayaƙan Attila sun ragargaza garin sun kwashe maza. Mazan sun fara dawowa sun tarar matansu sun yi aure. Hukuncin Leo shi ne matar ta koma wa mijin farko, mijin na biyu ba shi da laifi tunda bai sani ba, wadda ta ƙi komawa kuma a fitar da ita daga jama'ar coci. Ashe labarin da ba shi da suna ko gari yana da mutane na gaske a bayansa.

Yanzu mu dubi shafin kansa. Ba a kan takarda ake rubutawa ba, a kan fatar tumaki, awaki ko maruƙa ce da aka jeme aka kankare, kuma cikakken kwafi babba yana cin fatar dabba sama da 100. Matanin Gratian yana tsakiya cikin ginshiƙi biyu, sharhi ya kewaye shi ta kowane gefe da ƙananan haruffa, kamar yadda hashiya take kewaye matani a tsofaffin littattafan malamanmu. Sharhin da aka fi dogara da shi wani Bajamushe ne, Johannes Teutonicus, ya haɗa shi wajen 1215, Bartholomew na Brescia ya yi masa gyara wajen 1245. Shafi ne cunkushe, baƙi ƙirin da tawada, ɗaruruwa irinsa a jere, ba lambar shafi irin tamu ta yau.

Ɗaliban Bolonya ba yara ba ne. Da yawansu manyan ma'aikatan coci ne masu abin hannu, daga Jamus, Faransa, Ingila, Sifen da Hungari, har su ne suke ɗaukar malaman aiki, su ci su tara idan suka makara ko suka tsallake babi. Kowannensu yana son ya koma gida da nasa kwafin. Saboda haka aka samar da wata dabara: dillalan littattafai suna ajiye kwafin da jami'a ta tantance, a rarrabe ƙunshi-ƙunshi, mai kwafi ya yi hayar ƙunshi ɗaya, ya kwafe, ya mayar ya karɓi na gaba. Ta haka mutane da yawa suke kwafar littafi guda a lokaci guda. Rajistar yarjejeniyoyi da birnin ya fara ajiyewa a 1265 ta nuna har da mata a cikin masu wannan sana'a.

Mai kwafi shi yake fara aiki. Duk inda sabuwar mas'ala za ta soma sai ya tsallake 'yan layuka ya bar gurbi. Sai bayan an gama rubutu littafin yake zuwa hannun mai zayyana, wanda zai shimfiɗa zinariyar da aka buga ta yi siriri kamar ɓawon albasa, ya goge ta har ta yi ƙyalli, sannan ya shafa launuka. Shuɗi mafi tsada daga wani dutse ake niƙo shi wanda ake haƙowa a Badakshan ta ƙasar Afganistan. Mai zanen ba shi ya zaɓi girman gurbin ba, ba shi ya zaɓi wurinsa ba. Wani lokaci ma akan rubuta masa ɗan umarni a bakin shafi, ko ya kwaikwayi wani tsohon kwafi da ke shagon. Duk da haka a cikin wannan ƙuncin sai da aka yi zaɓi, ko shi ya yi, ko mai shagon, ko mai biyan kuɗin.

Amfanin hotunan na farko ba ado ba ne. Alama ce. Lauyan da yake neman maganar sayen muƙamin coci ba sai ya karanta kan kowane shafi ba, yana buɗewa yana neman hoton uba riƙe da hannun yaro da jakar kuɗi. Cikakken kwafi yakan ɗauki hoto kusan 40, ɗaya a farkon littafi, ɗaya a kan kowace mas'ala, da 'yan kaɗan a sauran sassa. A kwafin farko-farko na ƙarshen ƙarni na 12, a cikin harafin farko ake cusa hoton. Yawancin mas'alolin suna farawa ne da kalmar Latin mai nufin "wani", kamar dai yadda muke buɗe labari da "wani mutum", kuma harafinta na farko Q ne. Cikin da'irar wannan harafi aka riƙa matse bishop da mai ƙara da wanda ake ƙara.

Tun daga shafin farko ake ganin hoto ya rabu da matani. Gratian ya buɗe littafinsa da cewa abu biyu ne suke tafiyar da 'yan Adam, dokar halitta da al'adu. Ya za a zana dokar halitta? Ya za a zana al'ada? Masu zane ba su ma gwada ba. Kalmar farko da harafin H take farawa, sai suka mai da sandunansa biyu mutum biyu, shugaban coci a gefe, sarki a gefe. Daga baya, a manyan kwafin Bolonya na ƙarni na 14, hoton ya faɗaɗa: Almasihu a kan gadon sarauta, ana miƙa wa Fafaroma alamar ikon addini, ana miƙa wa babban sarkin daula takobi. Abu biyun da malamin yake magana a kai sun koma iko biyu. Wannan kuwa ita ce rigimar da ta fi kowace zafi a Turai ta lokacin. A 1077 sarki Henry na Huɗu ya je Canossa neman afuwar Fafaroma Gregory na Bakwai, a 1245 Fafaroma Innocent na Huɗu ya ayyana tuɓe sarki Frederick na Biyu, a 1302 Boniface na Takwas ya yi shelar cewa takubban biyu duk a ƙarƙashin coci suke. A irin wannan yanayi, wa aka zana a dama, wa ya fi tsawo, wa ya durƙusa, duk magana ce. Ɗalibi yana buɗe littafin yana cin karo da amsar tambayar da layin farko bai yi ba.

Wasu mas'alolin ba su ba masu zane wahala ba. Ta farko labarin uban da ya kai ɗansa gidan 'yan zuhudu ne, aka nemi kuɗi ya biya, yaron bai san komai ba saboda ƙuruciya, har ya girma ya zama bishop, nan ma da kuɗin uban a ɓoye. Hoton a bayyane yake, yaro a hannu ɗaya, kuɗi a ɗayan. Ta bakwai bishop ne da doguwar jinya ta kwantar, ya roƙa aka naɗa wani a gurbinsa, sai ya warke ya ce a mayar masa da kujerarsa. Nan ma gadon jinya ya wadatar, wasu su ƙara likita yana ɗaga kwalbar fitsari yana dubawa, wadda ita ce alamar likita a zanen wancan zamani.

Mas'ala ta 29 ce ta fara nuna iyakar hoto. An gaya wa wata 'yar babban gida cewa ɗan wani basarake yana neman aurenta, ta amince. Sai wani bawa ya zo da sunan wancan, aka ɗaura da shi. Daga baya na gaskiyar ya iso. Gratian ya tsaya ya rarrabe kuskure iri huɗu: a ɗauki mutum a matsayin wani daban, a ɗauki bawa a matsayin ɗa, a ɗauki matalauci a matsayin mai arziki, a ɗauki mugu a matsayin nagari. Biyun farko suna rushe aure, biyun ƙarshe ba sa rushewa. Wadda ta auri matalauci tana zaton attajiri ne, sai haƙuri. Duk mas'alar a kan abin da ke cikin kan matar take, wato abin da ba ta sani ba. Alƙalami yana iya faɗin haka da kalma uku. Mai zane kuwa da tufafi kawai yake iya bambanta bawa da basarake, idan kuma ya sa wa bawan kayan bayi don mu gane shi, ya mai da matar sakarya da ba ta ga abin da kowa yake gani ba. Idan ya sa masa kayan sarauta, yaudarar ta ɓace daga hoton. Mu da muke rubuta labarin da mai karatu ya san sirri amma tauraruwar ba ta sani ba, mun san wannan ramin.

Mafita mafi sauƙi, wadda aka fi bi a mas'aloli da yawa, ita ce a tsallake abin da ya faru a zana zaman shari'a: bishop ko Fafaroma a zaune, yatsa a ɗage, masu ƙara a tsaye a gabansa. Hoto ne mai kwantar da hankali. Yana cewa komai ya rikice akwai kujerar da za a je gabanta. Sai dai yana mai da labarai 36 masu bambancin ɗanɗano su zama kusan abu guda, shi ya sa masu zanen Bolonya na ƙarni na 14 suka faɗaɗa gurbin ya ratsa ginshiƙi biyu, suka raba shi ɗaki-ɗaki, abin da ya faru a gefe, hukunci a gefe. Fitaccen cikinsu a shekarun 1330 da 1340 bai sa hannu a aikinsa ba, masanin zane Roberto Longhi ne ya laƙaba masa suna Illustratore, wato mai zanen littafi. Mutanensa ba sa tsayawa cik, suna ture juna, suna leƙowa daga tsakanin ginshiƙan rubutu. Bayansa Niccolò di Giacomo ya zo, shi kam yana rubuta sunansa a jikin aikinsa.

A mas'ala ta ƙarshe, ta 36, muke so mu daɗe, don a nan ne zaɓin mai zane ya fi nauyi. Wani saurayi ya ga wata budurwa, ya gayyace ta liyafa ba da sanin mahaifinta ba. Da aka gama cin abinci ya keta mata haddi. Iyaye suka ji, aka ba shi ita, ya biya sadaki, aka yi aure a bainar jama'a. Tambaya biyu Gratian ya yi: shin abin da saurayin ya aikata ya shiga babin ƙwace mace da ƙarfi? Kuma yana iya aurenta idan uban ya yarda? A ta farko ya ce ya shiga, ko da yake da ƙafarta ta je gidan, domin ƙarfi aka yi mata. A ta biyu ya buɗe ƙofar auren bayan an yi tuba, in uba ya amince. Mai karatu na yau zai ji amsa ta biyu ta tsaya masa a wuya, mu ma ta tsaya mana. Amma a lura, matanin bai ɓoye cewa an yi amfani da ƙarfi ba.

Hotunan fa? A kwafi da yawa abin da ido yake fara gani tebur ne da abinci, saurayi da budurwa cikin kyawawan kaya, ko rungume da juna, sai kuma iyaye ko bishop a ɗaya gefen ana daidaita magana. Wanda bai karanta ba zai rantse labarin soyayya ne da ya ƙare da biki. Akwai uzuri. Liyafa ita ce abin da ya bambanta wannan mas'ala da sauran na aure, don haka ita ce alamar da ta fi saurin ganewa ga mai neman shafi, kuma tebur da kwanuka sun fi daɗin zanawa da zinariya. Mun yarda da uzurin, amma bai goge sakamakon ba. Mutanen da suke buɗe wannan shafi su ne za su zama alƙalan kotunan coci, waɗanda wata rana yarinya ta gaske za ta tsaya a gabansu. Shekara da shekaru idonsu yana fara sauka a kan yarinyar da ta zauna cin abinci da fara'a kafin ya sauka a kan hujjar malamin. Kowa ya san tambayar da irin wannan hoto yake shukawa: to me ya kai ta? Mai zanen bai canza ko harafi ɗaya na dokar ba. Ya zaɓi sa'a guda kafin laifin, ya bar laifin a cikin ƙananan haruffa. Duk marubucin da ya taɓa rubuta irin wannan fage ya tsaya a wannan mararraba, ko ya lura ko bai lura ba: daga ina za a buɗe labule, a ina za a rufe, a fuskar wa za a tsaya.

Akwai wani misalin da ya fi wannan laushi amma ya fi shi yawa. A 1234 Fafaroma Gregory na Tara ya fitar da sabon kundin hukunce-hukunce wanda Raymond na Penyafort ya tattara masa, ya aika wa jami'o'in Bolonya da Paris. Shi wannan dokar hukuma ce, kashi biyar: alƙalai, tsarin shari'a, ma'aikatan coci, aure, laifuffuka. Gurbi biyar ke nan ga mai zane. A kan kashi na uku akan zana limami yana jagorantar ibada ana tare mutanen gari kada su matso kusa da bagadi, wanda ya yi daidai da dokar farko ta kashin. A kan na huɗu kuwa galibi limami ne a tsakiya yana haɗa hannun ango da amarya, shaidu a kewaye. Abin mamakin shi ne dokar da ke ƙarƙashin hoton ba ta shar'anta limami ba. Tun zamanin Fafaroma Alexander na Uku, wanda ya yi mulki daga 1159 zuwa 1181, matsayar ita ce idan namiji da mace suka ce wa juna sun ɗauki juna miji da mata a yanzu, aure ya ƙullu, ko a gona ne, ko ba kowa a wurin. Coci tana hana auren ɓoye, tana hukunta masu yi, amma ba ta iya cewa bai ƙullu ba. Kotunanta sun cika da ƙararrakin "ya ce ya aure ni" da "ban ce ba". Sai a 1563, a taron Trent, aka mai da halartar limami da shaidu sharaɗin ingancin aure. Wato sama da shekara 300 hoton yana nuna auren da coci take so, rubutun yana bayanin auren da take karɓa dole.

Wani zanen kuma aikinsa lissafi ne. Coci ta haramta aure tsakanin dangi har zuwa mataki na bakwai, abin da a ƙaramin ƙauye yake nufin kusan kowa ɗan uwan kowa ne. Babban taron Lateran na 1215 ya rage zuwa mataki na huɗu. Don a iya ƙirgawa, akan cika shafi guda da bishiyar dangantaka: ƙananan da'irori a jere, iyaye da kakanni suna hawa sama, 'ya'ya da jikoki suna sauka ƙasa, 'yan uwa a gefe, wani dattijo mai kambi a tsaye yana riƙe da allon gaba ɗaya. Da'irar tsakiya ita ce mutumin da ake ƙirgawa daga kansa, kuma ba ta da suna. Malamai suka riƙa ba ta na wasa. Giovanni d'Andrea, babban malamin Bolonya da annobar 1348 ta kashe, ya kira ta Petruccio, sunan mai yi masa hidima a makaranta.

Ba kowa ne ya ga waɗannan kayan ado da mutunci ba. Odofredus, malamin dokar Rum a Bolonya wanda ya rasu a 1265, yakan ba ɗalibansa labarin wani uba da ya yanka wa ɗansa kuɗin karatu na shekara, ya ce ya zaɓi Paris ko Bolonya. Yaron ya zaɓi Paris, ya ƙarar da kuɗin wajen sa a cika masa littattafai da birai da haruffan zinariya, da sayen sabon takalmi duk Asabar.

Biran nan ba ƙari ya yi ba. A babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan akwai wani kwafin kundin Gregory na Tara da aka rubuta a kudancin Faransa wajen 1300. Ya isa Ingila da faffaɗan fili a ƙasan shafukansa, sai wajen 1340 masu zanen Landan suka cika filin da hotuna sama da 600. Ana danganta shi da John Batayle na gidan ibadar Saint Bartholomew da ke unguwar Smithfield, daga nan littafin ya samo sunan da aka san shi da shi. Hotunan ba ruwansu da dokar da ke samansu. Akwai labaran waliyyan Kirista, akwai na jarumai, akwai na dabbobi, ana bin su shafi bayan shafi kamar littafin barkwanci mai hotuna. Dila ya sa hular bishop ya riƙe sandarsa yana yi wa dinya da kaji wa'azi, a wani shafin dinyoyin sun rataye shi. Zomaye sun kama karen farauta, sun ɗaure shi, sun kai shi gaban alƙalinsu wanda shi ma zomo ne, sun ɗora shi a amalanke, sun kai shi wurin rataya. Mafarauci ma bai tsira ba, shi kansa suka sare. Abin da ya ja hankalinmu shi ne zomayen ba su yi gaggawa ba. Sun bi tsari daki-daki, kamu, gurfanarwa, hukunci, zartarwa, a ƙasan littafin da kashinsa na biyu gaba ɗaya a kan tsarin shari'a yake. Wanda ya biya kuɗin wannan aiki ya san doka, ya kuma san yadda take kama idan aka dube ta daga wajen wanda aka saba farauta.

Da injin buga littattafai ya zo, an buga Decretum a Strasbourg a 1471, aka sake bugawa a Mainz a 1472. Masu bugawa na farko sun ci gaba da barin gurbi a farkon sassa, don mai saye ya kai wa mai zayyana ya cika masa da hannu. Wasu sun kai, da yawa ba su kai ba. Haka ma a kwafin hannu, akwai waɗanda aka zana mas'alolin farko aka tsaya a hanya, sauran guraben suna nan fari fat har yau. Littafin ya ci gaba da aiki a kotunan coci har 1917, lokacin da aka maye gurbinsa da sabon kundi mai doka 2,414 a jere da lambobi, ba mijin da ya dawo daga yaƙi, ba bawan da ya ari sunan basarake, ba liyafa.